Injin Lissafi da Gidajen da Suka Rene Shi

Duk wanda ya ratsa kasuwannin Rano da Kibiya a lokacin kaka, sa'ad da ake hada-hadar masara da dawa da shinkafa da gyaɗa, da wuya ya rasa ganin ɗan kasuwa zaune a bakin rumfa, buhuna jibge a bayansa, yana danna wata 'yar na'ura da ba ta fi tafin hannu ba. Kafin manomi ya gama ɗaure bakin buhunsa, an riga an faɗa masa kuɗin tiya arba'in da bakwai, an cire na dako, an cire la'ada. Wannan na'ura ita ake kira kalkuleta, tsofaffi kuwa sukan ce mata raskwana. Idan mai karatu ya duba goshin irin wannan na'ura, sau da yawa zai ga an rubuta Casio. Wannan suna daga sunan wani gida ya fito, watau gidan Kashio na ƙasar Japan, inda uba da 'ya'yansa huɗu suka haɗa hannu suka kafa kamfanin.

Ba gidan Kashio kaɗai ba ne. Ƙirƙiro injin lissafi aikin mutum ɗaya ne mai basira, amma mayar da shi haja da ake saye da sayarwa ya ɗauki shekarun da suka fi ƙarfin rayuwar mutum guda. Saboda haka sau da yawa 'ya'ya da jikoki da surukai, har da matan da mazansu suka rasu, su ne suka riƙe sana'ar har ta yi ƙarfi. Wannan maƙala za ta bi sawun wasu daga cikin gidajen nan, ta bayyana yadda injin yake aiki, sa'an nan ta dawo gida ta duba abin da tarihin yake koya wa masu sana'ar gado.

Wahalar ƙidaya a da

Kafin zuwan kuɗin Turawa, da wuri ake ciniki a ƙasar Hausa. Ana zube wuri a ƙasa, mai ƙirga ya riƙa jan biyar-biyar da yatsunsa yana tara su tsibi-tsibi, har a cika keso, watau wuri 20,000. Baturen nan ɗan Jamus mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso Kano a shekarar 1851, ya kuma rubuta cewa wuri 2,500 ne ke daidai da dalar azurfa ɗaya. A Tasawa ya ga yadda aka zauna ƙirga wuri 500,000, aikin da ya ba shi mamaki ƙwarai. Ke nan babban ciniki ba ya yiwuwa sai attajiri yana da yara amintattu masu saurin hannu, kuma mafi yawansu 'yan gida ne.

Da aka shiga zamanin fam da sule da kwabo, nauyin kuɗi ya ragu, amma lissafi ya ƙara rikicewa. Kwabo 12 ne sule ɗaya, sule 20 ne fam ɗaya. Duk akawun da zai tara kuɗin gyaɗa sai ya raba da 12, ya sake rabawa da 20. Don haka ne malaman sikeli suka dogara da wani ɗan littafi da aka riga aka buga amsoshin lissafi a cikinsa, wanda Hausawa suka kira raskwana, sunan da daga baya ya koma kan na'ura. Wannan wahala ba ta kau ba sai ranar 1 ga Janairu, 1973, da Nijeriya ta koma naira da kwabo, inda kwabo 100 ya zama naira ɗaya.

Ɗa ya tausaya wa ubansa

Irin wannan wahala ce ta haifi injin tara lissafi na farko da ya shahara. A shekarar 1639 aka naɗa wani Bafaranshe mai suna Étienne Pascal jami'in haraji a birnin Rouen. Kuɗin Faransa na wancan zamani tsarinsa ɗaya da na fam da sule da kwabo, watau 12 sa'an nan 20. Ɗansa Blaise Pascal ya ga yadda uban yake raba dare yana tara lambobi, sai a shekarar 1642, tun bai cika shekara ashirin ba, ya fara ƙera masa akwatin tagulla da zai ɗauke masa wannan aiki.

Dabarar da ke cikin akwatin mai sauƙin fahimta ce. A ɗauka an jera faya-fayai, kowanne yana da matakai goma, daga 0 zuwa 9. Na dama shi ne gidan ɗai-ɗai, na kusa da shi gidan goma-goma, na gaba gidan ɗari-ɗari. In ana son a tara 7 da 5, sai a juya faifan farko mataki bakwai, a sake juya shi mataki biyar. Da zarar ya wuce 9 ya koma 0, akwai wani ɗan ƙarfe da zai tura faifan da ke hagunsa mataki ɗaya. Sai a ga 1 a gidan goma, 2 a gidan ɗai-ɗai, watau 12. Wannan shi ne abin da malamin firamare yake nufi idan ya ce a rubuta biyu a riƙe ɗaya.

Faɗar ta fi aikin sauƙi. Idan injin yana nuna 9,999 aka ƙara 1, tilas faya-fayai huɗu su juya a jere, na biyar ya motsa, ba tare da ɗaya ya cije ko ya zarce ba. Wannan yana bukatar haƙoran ƙarfe da aka gyara daidai wa daida, maƙeran wancan zamani kuwa ba su da kayan aikin da za su yi haka da yawa kuma da araha. Pascal ya gwada samfuri kusan 50, ya sami takardar izinin sarki a 1649, amma abin da ya ƙera na sayarwa bai wuce guda ashirin ba. Ya rasu a 1662 yana da shekara 39, bai bar ɗa ba, bai bar masana'anta ba. Sana'ar ta bi shi kabari, aka yi kusan shekara ɗari biyu injin lissafi yana zaman abin kallo a gidajen sarakuna da masana.

Gidan Thomas: uba, ɗa, jika, da matar marigayi

Wanda ya fara mayar da injin lissafi sana'a shi ne Charles Xavier Thomas, wanda aka fi sani da Thomas de Colmar. Ya yi aikin kula da guzurin sojojin Faransa, inda ya ɗanɗana azabar lissafi. A 1820 ya yi rajistar injinsa mai suna Arithmomètre. Ya yi amfani da wata dabara da masanin Jamus Leibniz ya fito da ita tun ƙarni na 17: ganga ta ƙarfe mai haƙora tara, kowane haƙori ya fi na bayansa tsawo. In aka sa maɓalli a kan 3, haƙora uku ne kawai za su taɓa faifan ƙirga a kowane juyi; in aka sa a kan 8, takwas za su taɓa. Ta haka juyi ɗaya na hannun injin yake ƙara dukan lambar da aka saita.

Daga nan ninkawa ta zama tarawa da aka maimaita. A ce ɗan kasuwa yana son ya san 347 sau 25. Zai saita 347, ya juya hannu sau biyar, ya sami 1,735. Sai ya zame allon amsa gida ɗaya, ya juya sau biyu, wanda ya ƙara 6,940. Jimla 8,675. Juyi bakwai ke nan a maimakon ashirin da biyar.

Abin lura shi ne, daga rajista zuwa fara ƙera injin don kasuwa an ɗauki shekara 31. Sai a 1851, shekarar da Barth yake kallon masu ƙirga wuri a Kano, aka fara sayar da shi sosai a Paris. Thomas ya iya jure wannan jira ne domin yana da wata hanyar samu: ya kafa kamfanonin inshora, cikinsu har da Le Soleil a 1829, kuma da ribarsu ya riƙa ciyar da injin. Lokacin da ya rasu a 1870, an ƙera kimanin guda dubu. Ɗansa Thomas de Bojano ya karɓi ragama har zuwa rasuwarsa a 1881, daga nan jika ya ɗora. Bayan wannan sai sana'ar ta koma hannun injiniyan masana'antar, Louis Payen, wanda ya san kowane ƙusa na injin. Da shi ma ya rasu a farkon ƙarni na 20, matarsa ce ta ci gaba da gudanar da kamfanin, ana buga sunanta a jikin injin, har Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsayar da aikin wajen 1915. Gaba ɗaya an ƙera kimanin 5,500.

Amfanin wannan jerin gwano a fili yake. Banki ko ofishin gwamnati ba zai zuba kuɗi mai yawa a kan inji ba sai ya tabbata in ya lalace bayan shekara goma akwai wanda zai gyara, kuma akwai kayan gyara. Sunan gida shi ne jinginar wannan alkawari, kamar yadda manomin Kibiya yake ba da hatsinsa bashi ga ɗan wane, domin ya san ubansa, ya san ƙofar gidansu.

Gidan Odhner: an ƙwace masana'anta, ba a ƙwace sani ba

Willgodt Odhner ɗan ƙasar Suwidin ne, an haife shi a 1845, ya tafi ci-rani birnin St. Petersburg na Rasha, inda ya yi aiki a masana'antar Ludvig Nobel. Ya lura injin Thomas ya cika nauyi da faɗi, sai ya maye gurbin gangar da faifai siriri mai haƙora tara da suke fitowa suna komawa ciki. In aka ja maɓalli zuwa 4, haƙora huɗu su leƙo, saura su ɓuya. Da yake faya-fayan sirara ne, ana iya jera su kusa da juna, injin ya ƙanƙance har ya zauna a gefen tebur. Shi ma ya yi shekaru da dama yana fama kafin a fara ƙera shi da yawa a 1890. A 1892 wani kamfanin Jamus a birnin Braunschweig ya sayi izinin ƙera irinsa da sunan Brunsviga.

Odhner ya rasu a 1905. 'Ya'yansa biyu, Alexander da Georg, tare da surukinsa Karl Siewert, suka ci gaba da aikin, har adadin injunan da aka ƙera ya kai kimanin 23,000. Sai juyin juya halin Rasha na 1917 ya zo, sabuwar gwamnati ta ƙwace masana'antar. Iyalin suka koma ƙasar kakanninsu, suka sake kafa kamfani a birnin Göteborg, suka sa masa suna Original-Odhner, domin a bambanta nasu da na masu kwaikwayo. Gini da injuna sun tafi, amma abin da ke cikin kawunansu da sunan da masu saye suka amince da shi sun tsallake iyaka tare da su. Su kuwa Rashawa suka ci gaba da ƙera irin wannan inji da sunan Feliks har shekaru masu yawa.

Ba kowane kamfani ne ya bi ta hannun iyali ba. A Amurka, William Seward Burroughs, tsohon akawun banki, ya kafa kamfaninsa da abokan jari a St. Louis a 1886, ya ƙera inji mai buga lissafi a kan takarda. Tarin fuka ya kashe shi a 1898, kuma abokan jarin ne suka ɗauki kamfanin, suka mayar da shi Detroit a 1904, suka sa masa sunan Burroughs a 1905. A nan rajista da hannun jari ne suka yi aikin da zuriya ta yi a Paris da St. Petersburg. Abin da ya haɗa su duka shi ne an sami hanyar da sana'a za ta rayu bayan mai ita.

Da kiɗa ya canza

A 1942 kamfanin da ke garin Åtvidaberg na Suwidin, mai ƙera injin Facit, ya saye Original-Odhner. Shi ma wannan kamfani a hannun gida ɗaya yake: Elof Ericsson ya gina shi, ɗansa Gunnar Ericsson ya gaje shi a 1957. Injunansu na ƙarfe sun kai maƙura wajen inganci, suna sayar da su a ƙasashe masu yawa, kuma wajen 1970 ma'aikatansu sun kai kimanin 14,000.

A shekarar da Gunnar ya hau kujera, wani abu yana faruwa a Tokyo. Tadao Kashio ya buɗe ƙaramar maƙera a 1946. Abin da ya fara kawo masa kuɗi wani zobe ne mai maƙalar sigari, wanda ma'aikaci zai sa a yatsa ya sha tabarsa har ƙarshe hannunsa na kan aiki. Ribar zoben aka zuba a binciken injin lissafi. Ƙannensa uku suka shigo, kowa da ɓangarensa: Toshio mai ƙirƙira, Kazuo mai talla da sayarwa, Yukio mai tsara yadda za a ƙera da yawa, shi Tadao yana riƙe da kuɗi da shugabancin aiki. A 1957 suka kafa kamfanin Casio, suka sa mahaifinsu Shigeru ya zama shugaba na farko, suka fito da inji mai lamba 14-A. Girmansa ya kai tebur, amma babu faifai mai haƙora a cikinsa. Da makunnai 342 masu aiki da lantarki yake lissafi.

'Yan'uwan nan sun kusa faɗawa ramin da wasu suka faɗa, domin sun daɗe suna riƙe da makunnansu bayan abokan gasa sun koma transista. Da suka ga kaya sun fara kwantai, sai suka saki abin da suka saba, suka fito da injin transista a 1965. A 1972 suka kawo Casio Mini, wadda ake riƙewa a hannu, a kan yen 12,800, farashin da ma'aikaci zai iya biya daga albashinsa. Cikin wata goma aka sayar da miliyan ɗaya.

Facit kuwa gwanintarsa duk a kan gyaran ƙarfe take. Injin da ke da ɗaruruwan haƙora da sandunan ƙarfe ba zai iya gasa da ɗan guntun silikon da bai kai farce ba. Daga 1971 asara ta fara, aka sallami dubban ma'aikata, kuma zuwa 1973 kamfanin ya koma hannun Electrolux. Riƙon da ya raya sana'ar shekara da shekaru shi ne ya hana a sake ta a kan lokaci.

Gado iri biyu

Hausawa sukan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ilmin halittu ya yarda da wannan magana a kan barewa, domin tsawon ƙafa da ƙarfin tsoka suna bin ƙwayoyin gado daga iyaye zuwa 'ya'ya. Amma abin da mutum ya koya ko ya samu a rayuwarsa ba ya shiga waɗannan ƙwayoyi. A ƙarshen shekarun 1880 masanin Jamus August Weismann ya yi ta yanke wutsiyar ɓeraye zuriya bayan zuriya, amma duk ɗan da aka haifa da cikakkiyar wutsiyarsa yake zuwa. Ba sai an je Jamus ba: mai tsagar gado a fuska yana haihuwar ɗa da fuska sumul, sai in wanzami ya sa aska. Haka ilmin ƙira da na ciniki suke. 'Ya'yan Odhner ba a jini suka sami sanin faifai ba, a cikin masana'anta suka same shi. Payen kuwa ba shi da dangantakar jini da Thomas, amma ya fi kowa cancantar gadonsa na sana'a.

Kudancin Kano yana da nasa misalan na ɓangarorin biyu. A labarin Bayajida, Kano da Rano su ne aka ba sarautar baba, watau rini, kuma gidajen marina sun yi ɗaruruwan shekaru suna miƙa wa 'ya'yansu sirrin karofi. Da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shuni na haɗi a 1897, yadin kanti kuma ya cika kasuwa a shekarun da suka biyo baya, sai karofi da yawa suka zama kufai, kamar yadda masana'antun Facit suka zama. A ɗaya ɓangaren akwai Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji, maƙwabciyar Rano, a 1877, cikin gidan fatake Agalawa. Ya gaji fataucin goro zuwa Gwanja, amma da jirgin ƙasa ya iso Kano gyaɗa ta yi daraja, sai ya juya gare ta. A 1929 ya kai ajiyar azurfa a kan raƙuma ashirin zuwa reshen bankin British West Africa na Kano. Bayan rasuwarsa a 1955, 'ya'yansa, cikinsu har da Sanusi da Aminu, suka ci gaba da harkokin gidan, suka shiga gine-gine da sufuri da masana'antu. Aliko Ɗangote jikan Sanusi ne ta wajen uwa. Hajar ta sauya sau da dama, gidan yana nan.

Kammalawa

A Rano da Kibiya, kamar sauran garuruwanmu, ba baƙon abu ba ne a ga babban shago ko rumbun hatsi ya watse shekara biyu bayan rasuwar mai shi. Sau da yawa dalilin shi ne lissafin duka a kan maigida yake: wa ake bi, wa ke bi, nawa ne uwar kuɗi, nawa ne riba. Kalkuleta tana ba da amsa nan take, amma da an danna maɓallin gogewa ta manta, ba ta zama shaida ranar rabon gado. Tarihin gidajen da suka ƙera ta ya nuna abin da ke raya sana'a: a rubuta lissafi a littafi inda magada za su same shi, a sa yara maza da mata cikin aikin tun maigida yana da ƙarfi, a ba kowa ɓangaren da ya fi iyawa kamar yadda 'yan'uwan Kashio suka yi, kada kuma a raina amintaccen yaron gida don ba a haife shi a cikinsa ba. Inda dukiya ta yi yawa, yin rajistar kamfani yana ba da damar a raba wa kowane magaji haƙƙinsa da shari'a ta yanka masa ta hanyar hannun jari, ba tare da an wargaza shagon ba. Bayan duk wannan, sai a bar kunne a buɗe ga ƙaramin cikin 'ya'ya ranar da ya zo yana cewa akwai sabuwar hanya, ko da za ta kashe wadda aka gada.